Yadda Muka Bi Diddigin Maganar Asabar a Majami'armu ta Damagaram

A majami'armu, idan magana ta taso wadda ta shafi koyarwa, ba a yanke ta a bakin ƙofa bayan an tashi sujada. Rubuto ta ake yi ga majalisar dattawa, dattawa su naɗa masu bincike, a kawo rahoto, sannan a karanta wa jama'a. Tsari ne mai jan ƙafa, har matasa kan ce kafin dattawa su gama shawara mai tambaya ya manta abin da ya tambaya. Ni ne magatakardan majalisar, sana'ata kuwa ɗinki, ina da shago a Sabon Gari da yara masu koyo.

Wasiƙar da ta kawo maganar Asabar matasa ne suka sa mata hannu, amma da ganin rubutun na san na ɗan yayata ne. Ya je karatu wajen Jos, ya zauna a gidan ƴan Adbantis, masu sujada ranar Asabar, ya dawo da aƙidarsu. Tun kafin wasiƙar ya riga ya daina taka keken ɗinki daga magaribar Juma'a zuwa magaribar Asabar. Duk tela kuwa ya san Asabar ce ranar da masu kayan biki ke tsayawa a kansa. Wasiƙar ta tambaya: da izinin wa ikilisiya ta bar rana ta bakwai ta koma Lahadi? Ta ƙara da cewa muna riƙe da dokoki tara cikin goman da Allah ya ba Musa, kuma sarkin Rum Kustantin ne ya canza ranar, ba Almasihu ba.

Mu uku aka naɗa: ni, da wani dattijo tsohon malamin lakkol wanda ya iya Faransanci sosai, da shugabar zumuntar mata. Fasto ya kafa mana sharaɗi guda kafin mu fara. Ya ce, “Kada ku soma da amsa. Ku rubuta hujjarsu tukuna, ku karanta musu, sai sun ce i, haka muke nufi, sannan ku buɗe baki.”

Wannan matakin ya fi yadda na zata nauyi, domin yaran ba da wasa suka zo ba. Mun kira su bayan la'asar a farfajiyar majami'a, na buɗe kaye ina rubutawa. Ɗan yayata ya fara da Farawa 2, inda Allah ya huta a rana ta bakwai ya tsarkake ta, tun babu Bayahude ko ɗaya a duniya. Ya wuce Fitowa 20:8-11, ya ce wannan doka tana tsakiyar dokokin da aka rubuta a kan allunan dutse, ba a gefe take ba. Ya kawo Luka 4:16, cewa al'adar Yesu ce shiga majami'ar Yahudawa ran Asabar, da Matiyu 5:17-18, cewa bai zo ya rushe Attaura ba. Ya bi Bulus gari gari cikin Ayyukan Manzanni, sura 13 da 16 da 17 da 18, kowanne ran Asabar. Da ya gama sai ya dube ni ya ce, “Kawu, aya ɗaya nake roƙo. Ku nuna mini inda aka ce an mai da Asabar Lahadi, gobe in koma kan keke.”

Babu irin wannan aya. Mun rubuta haka a shafin farko na rahotonmu, kuma har yau ina ganin wannan ne ya sa matasan suka saurari sauran abin da muka faɗa.

Daga nan muka koma mu uku muna zama da dare a zauren tsohon malamin, kowa da Littafinsa. Shi ya ce mu bi dokar a Tsohon Alkawari gaba ɗayanta, kada mu tsaya ga aya huɗun nan na Fitowa 20. Abin da ya fara fitowa shi ne wanda aka ba dokar. Fitowa 31:16-17 ta kira Asabar alama tsakanin Allah da Isra'ilawa, Ezekiyel 20:12 ta maimaita haka. Nehemiya 9:13-14 ta ce a Dutsen Sina'i Allah ya sanar da su Asabar ɗinsa. A Farawa 2 kuwa Allah ne ya huta. Ba a umarci Adamu da komai game da ranar ba, ba a kuma ba da labarin Nuhu ko Ibrahim suna kiyaye ta ba.

Sai kuma yadda ake kiyaye ta. Fitowa 35:2-3 ta hana hura wuta a gida, ta yanke hukuncin kisa ga wanda ya yi aiki. A Littafin Ƙidaya 15 an jejjefe mutum don an same shi yana tara itace. Littafin Firistoci 25 ya ce ƙasa ma tana da Asabar ɗinta, a bar gona ba shuka kowace shekara ta bakwai. Da muka sake kiran matasan, malamin ya tambayi ɗan yayata, “Ɗana, za ka iya zuwa Matamai ko Magarya ka ce wa manomi ya bar gonarsa bana? Kuma tuwon da ka ci ran Asabar ɗin da ta wuce, da wace wuta aka tuƙa shi?” Yaron bai rasa amsa ba. Ya ce akwai dokokin hali masu dawwama, akwai na hadaya da na mulkin Isra'ila da suka wuce, Asabar ta mako-mako tana cikin na farko. Malamin ya yarda cewa wannan rabon yana taimaka wa mai karatu, manyan malamai ma sun yi amfani da shi, amma Littafin da kansa bai liƙa wa kowace doka takardar shaida ba. Saboda haka sai an je Sabon Alkawari a ga yadda manzanni suka ɗauki wannan dokar musamman.

A can muka fi daɗewa. Ayyukan Manzanni 15 ta ba da labarin taron Urushalima, inda aka zauna takanas don a yanke abin da za a ɗora wa waɗanda suka ba da gaskiya ba Yahudawa ba, wato irinmu. Abu huɗu aka rubuta musu: su guji abin da aka yanka wa gumaka, da jini, da abin da aka maƙure, da fasikanci. Asabar ba ta ciki. Bulus kuma ya lissafa zunubai iri-iri cikin wasiƙunsa ga ikilisiyoyin da bayi suka yi yawa a cikinsu, mutanen da ba su da ikon ajiye aiki ko wace rana, amma bai taɓa tsawata wa kowa kan karya Asabar ba. Abin da ya faɗa a Kolosiyawa 2:16-17 shi ne kada kowa ya hukunta mu kan ci ko sha, ko idi, ko tsayuwar wata, ko Asabar, domin inuwa ce ta abin da ke zuwa, ainihin kuwa Almasihu ne.

A kan wannan aya muka yi kusan rabuwa baran-baran da matasan. Sun ce Asabar ɗin da ake nufi a nan ta bukukuwan shekara ce, ba ta mako ba. Sai muka ɗauki wani dare muka nemi duk inda waɗannan abubuwa uku suka zo tare: 1 Tarihi 23:31, 2 Tarihi 2:4 da 31:3, Ezekiyel 45:17, Yusha'u 2:11. Ko'ina jerin ɗaya ne, na shekara, na wata, na mako, wani lokaci a juye. Idan Asabar ɗin Kolosiyawa ta shekara ce, to Bulus ya ambaci abu ɗaya sau biyu ke nan. Ni dai a nan zuciyata ta kwanta. Romawa 14:5-6 ta ƙara mini: wani ya fifita wata rana, wani ya ɗauki dukkan ranaku ɗaya, kowa ya tabbata a ransa, kuma don Ubangiji ya yi. Ba za a taɓa faɗin haka game da sata ko zina ba.

Zancen zuwan Bulus majami'un Yahudawa kuwa bai ba mu wahala ba. Mai neman jama'a a Damagaram ran Alhamis Kasuwar Dole zai nufa, wannan bai mai da Alhamis rana mai tsarki ba. Ran Asabar ake samun Yahudawa a tattare, can mai wa'azi zai je.

Da a nan muka tsaya, da dattawa sun yi mana tafi. Amma sandar da muka auna Asabar da ita dole mu auna Lahadi da ita, nan kuwa abin ya juyo kanmu. Yawancinmu mun taso da cewa Lahadi ita ce Asabar ta Kirista. Mahaifiyata ba ta yarda a ɗinke ko maɓalli ranar ba. Muka nemi tushen wannan a Sabon Alkawari, muka samu Yesu ya tashi ranar farko ta mako, muka samu taron gutsuttsura gurasa a Taruwasa cikin Ayyukan Manzanni 20:7, da tara gudummawa a 1 Korantiyawa 16:2, da ranar Ubangiji a Wahayin Yahaya 1:10. Sun dai nuna ranar tana da matsayi wurin Kiristan farko. Babu wadda ta ce a ajiye aiki.

Tarihi aikin malamin ne, shi ya kwaso littattafansa na Faransanci yana fassara mana. Wajen shekara ta 112, Filini, gwamnan Rum a yankin Bitiniya, ya rubuta wa sarki Tarajan cewa Kirista kan taru a wata rana da suka tsayar tun kafin gari ya waye. Wajen 150 Yustin Shahidi, wani malamin Kirista, ya rubuta daga Rum yana bayyana taron Lahadi dalla-dalla: a karanta rubuce-rubucen manzanni da annabawa, shugaba ya yi gargaɗi, a yi addu'a, a ci jibin Ubangiji, wato gurasa da ruwan inabi, a tara taimako don marayu da gwauraye. Wannan kusan shekara 170 ke nan kafin dokar Kustantin ta 7 ga Maris 321. Abin da sarkin ya yi shi ne ya ba alƙalai da mazauna birane da masu sana'a hutu ranar, ya kuma bar manoma su ci gaba da aikin gona. Bai ƙirƙiro taron Lahadi ba, ya dai mai da ranar hutun hukuma. Ke nan wajen shekara ɗari uku Kirista suna sujada da asuba ko da dare, su wuce wurin aikinsu.

Malamin bai ɓoye abin da ke goyon bayan matasan ba. Majalisar shugabannin ikilisiya da ta zauna a Lawudikiya, wajen 364, ta hana Kirista hutawa ran Asabar, ba a kuwa hana abin da ba a yi. Ikilisiyar Habasha ta yi doguwar jayayya kan batun har sarki Zara Yakob ya tsayar a 1450 cewa a girmama ranakun biyu, haka suke har yanzu. Koyarwar cewa dokar Asabar, ta huɗu cikin goman, ta koma kan Lahadi da dukkan nauyinta kuwa ta yi ƙarfi ne a Ingila da Sikotilan, aka rubuta ta cikin shaidar bangaskiya ta Wasminista a 1646, alhali mabiyan Martin Luta a Jamus sun riga sun rubuta a 1530 cewa Nassi ya ɗauke Asabar, Lahadi tsari ne na ikilisiya don jama'a su san lokacin taruwa. Ƴan mishan ɗin ƙungiyar bishara ta SIM da suka sauka Damagaram a 1924 daga ƙasashe masu jin Ingilishi suka fito, ban yi mamakin inda mahaifiyata ta samo dokar maɓalli ba. Cocin Adbantis kuma an kafa shi a Amurka a 1863, a ƙasar da tsananta Lahadi ya yi ƙarfi. A ganina sun karɓi tsananin yadda yake, suka ce ranar ce kawai aka kuskure.

Wani abin gefe. Maƙwabcin shagona, mai sayar da zare da zif, almajiri ne sosai. Da ya ga ina ta rubuce-rubuce maimakon yanka yadi ya tambaye ni, na gaya masa. Ya ce ai labarin Asabar yana cikin Alƙur'ani, a suratul A'araf, mutanen wani gari na bakin teku da kifi ke fito musu ranar da aka hana su kamu. Ya ce, “Mu ba a ɗora mana hutun yini ba, Malam. An ce idan an kira sallar Juma'a a bar ciniki, idan an idar a watsu a nemi falalar Allah.” Na koma gida ina tunanin cewa Lahadin Kiristan farko, a siffarta, ta fi kusa da wannan bisa ga Asabar ta Yahudawa.

Duk wannan lokaci shugabar zumuntar mata ba ta cika magana ba, sai dai ta ce a sake karanta mata wani wuri. Ranar da muka zauna rubuta kammalawa ta ce ba mu gama ba. Ta ce, “Malam, dokokin nan goma sau biyu aka rubuta su. Kun karanta na Fitowa har kun haddace. A buɗe mini Maimaitawar Shari'a sura 5.” Na karanta aya 12 zuwa 15. A can dalilin da aka bayar ba halitta ba ce. An ce ka huta, kai da ɗanka da ƴarka da bawanka da baiwarka da sanka da jakinka da baƙon da ke garinka, domin bawanka da baiwarka su huta kamar kai, ka kuma tuna kai ma bawa ne a Masar. Ta sa na haɗa da Fitowa 23:12, inda aka ce domin sa da jaki su huta, ɗan baiwa da baƙo su wartsake.

Sannan ta yi mana magana wadda na rubuta kusan kalma da kalma. Ta ce dokar nan da mai gida take magana, mutumin da ke da ikon sa wani aiki. Ta ce mu duba safiyar Lahadi a gidajenmu. Wa ke tashi da duhu ya kai bido layin famfo, a garin nan da kowa ya san ƙishirwarsa? Wa ke daka, wa ke wanke-wanke, wa ke hura wuta don mu dawo daga sujada mu tarar da abinci da zafinsa? Yaran nan mata da muke ɗaukowa daga ƙauyuka, wasu ba su kai goma sha huɗu ba, daga Lahadi zuwa Lahadi ba su da yini ɗaya nasu. Ta ambaci yaran teloli da ke kwana kan keke gab da Sallah da Kirsimeti, da yaran garejin da ba su san wata rana da ake kira hutu ba. Ta ce, “Kuna ta gardama ko Asabar ce ko Lahadi. Yarinyar gidana ko Talata aka ba ta za ta gode.”

Malamin ya ce to ai mun riga mun nuna dokar ba ta kanmu. Ta ce ranar ce ba ta kanmu, amma Allahn da ya damu da gajiyar baiwa da jaki bai canza hali ba. Ta tuna mana Yesu ya ce an yi Asabar domin mutum, ba mutum domin Asabar ba, da yadda ya kwance matar nan da ta shekara 18 a tanƙware, a Luka 13, yana cewa ku ma kuna kwance jakinku ku kai shi shan ruwa ran Asabar. Ni a wurina wannan ne abu mafi nauyi da binciken ya haifar, kuma ba daga littattafan Faransanci ya fito ba.

Rahoton da muka miƙa bai wuce shafi huɗu ba. Mun ce kiyaye rana ta bakwai alama ce ta alkawarin Sina'i, ba a ɗora ta wa Kirista ba, cikar hutun kuwa tana cikin Almasihu kamar yadda Ibraniyawa 4 ta nuna. Mun ce Lahadi ranar taruwa ce tun zamanin manzanni, taruwa kuma umarni ne bisa Ibraniyawa 10:25, amma ba Asabar ce da aka sake wa mazauni ba. Mun ce wanda ya ga ya keɓe Asabar don Ubangiji kada a tsangwame shi, shi ma kada ya koya wa yara cewa masu sujadar Lahadi suna ɗauke da alamar dabbar nan ta Wahayi 13, kamar yadda wasu sautukan WhatsApp ke faɗa. Sannan muka sa maganar ƴan aiki.

A majalisar dattawa an yi zafi. Wani dattijo ya ce idan aka cire wa Lahadi tsoron doka, majami'a za ta zama kango, kowa ya tafi nema. Tsoronsa ba na banza ba ne, ban kuwa raina shi ba. Amma sai maganar matan Mirya ta taso. Kasuwar Mirya Lahadi take ci, akwai kuma mata cikinmu, yawanci gwauraye, da cinikin ranar ne ke ciyar da ƴaƴansu mako guda. Shekara da shekaru ana yi musu kallon masu raunin bangaskiya, har an taɓa hana wata cin jibi. Fasto ya tambaya da wace aya aka hana ta. Aka yi shiru. A ƙarshe aka tsayar da ƙaramar sujada da ƙarfe shida na safe, su yi su kama mota, aka kuma aika dattawa biyu su ba matar nan haƙuri.

Sakin layin ƴan aiki shi ya fi shan gyara. Mun rubuta “wajibi ne”, dattawa suka mai da shi “ikilisiya tana gargaɗi”, da hujjar cewa ba za mu sauke wata doka mu ɗora sabuwa ba. Shugabar mata ta yarda da canjin bisa sharaɗin a karanta shi da babbar murya gaban jama'a, kada a bar shi cikin kaye. Haka aka yi: kowane gida da kowane shago ya ba mai yi masa aiki yini guda cikakke a mako, ba a rage masa ko dala ba. Da yake yawancin yaran Musulmi ne, aka ce su za su zaɓi ranar. Da yawa Juma'a suka zaɓa, wasu ranar kasuwar garinsu don su ga ƴan'uwa. Wasu gidaje sun bi, wasu sun yi wata biyu sun koma ruwa, zumuntar mata ce ke bin sawu.

Ɗan yayata bai sauka daga ra'ayinsa ba. Ya ce ayar Kolosiyawa ta dame shi, amma Farawa 2 ta fi ƙarfi a ransa. Yana nan yana hutun Asabar, yana zuwa sujada tare da mu, Lahadi da yamma kuma ya buɗe shago ya rama aikin da ya bari. Wani dattijo ya zo wucewa ya ji ƙarar keke, ya kai ƙara. Fasto ya karanta masa Romawa 14:4, cewa wane ne kai da za ka hukunta baran wani, ya sallame shi.

A zaman majalisa na bayan nan wani dattijo mai amalanke ya ɗaga hannu ya ce shi fa ayar da aka karanta ta ambaci jaki, yana so a gaya masa ko gargaɗin ya shafi nasa jakin, domin da shi yake ɗibar ruwan sayarwa kullum. Wasu suka yi dariya, shi kuwa da gaske yake. Lokaci ya ƙure, sai Fasto ya ce in rubuta shi cikin batutuwan zama na gaba, a kuma gayyato shugabar zumuntar mata.